Jagoran Takarda

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano an yi wani saurayi mai gyaran waya, sunansa Nasiru. Sa'o'insa na zuba adashi don su sayi babur ko su haɗa lefe, shi kuwa nasa adashin na tafiya ne. Ba ci-rani zai je ba, ba kuma tsallaka teku zuwa Turai yake nufi ba. So yake ya goya jaka guda, ya je Maroko shi kaɗai, ya ba idonsa abinci, ya dawo bakin sana'arsa. Kakansa baduku ne, kuma tun suna yara yake ba su labarin yadda fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Kano take ƙetare Sahara a bayan raƙuma, in ta isa Turai a kira ta fatar Maroko. Abin ya zauna wa Nasiru a rai. Da ya gaya wa mahaifiyarsa, wadda 'yar Tijjaniyya ce, sai ta ce ta yarda, amma da sharaɗin ya isa birnin Fas ya yi ziyara a zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, ya sa ta a addu'a.

A farkon shekarar 2024 kuɗin suka kusa haɗuwa. Wani kwastomansa da ya yi karatu a waje ya ce masa Turawa masu yawo da jakar goyo littafi suke riƙewa, shi ke faɗa musu inda za su kwana da araha, da motar da za su shiga, da abin da za su ci. Nasiru ya yi dariya, ya ce shi da yake wuni a cikin waya, me zai yi da takarda? Duk da haka wata ranar Asabar ya biya ta Sabon Gari wajen Malam Sidi.

Malam Sidi dattijo ne mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. A ƙuruciyarsa direban babbar mota ne, ya sha hanyar Maiduguri zuwa Injamena, da ta Maraɗi zuwa Yamai, har ciwon baya ya sauke shi daga kan sitiyari. Ɗabi'arsa guda ce, ba ya sayar da littafi bai leƙa cikinsa ba.

Bayan sun gaisa Nasiru ya ce, "Baba, littafin tafiya Maroko nake nema, mai sauƙin kuɗi."

"Littafin ne mai sauƙin kuɗi, ko tafiyar?"

"Duka biyun, Baba."

Malam Sidi ya yi murmushi, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya shiga fito da littattafai yana kaɗe musu ƙura. Yana fitowa da su yana ba da tarihinsu, don galibi a bayan kowane akwai labarin masu shi. Ya ce waɗanda suka kafa kamfanin Lonely Planet miji da mata ne, Tony da Maureen Wheeler. A 1972 suka taso daga Landan ta ƙasa, suka ratsa Asiya, suka isa Ostireliya aljihu ya bushe, shekara na zagayowa suka buga ɗan littafi kan yadda suka yi. Rough Guides kuma a 1982 aka fara shi, da littafi a kan ƙasar Girka. Ya ɗaga wani na kamfanin Bradt, ya ce waɗannan tun 1974 suke, kuma sun fi son ƙasashen da wasu ke tsallakewa, har Nijeriya da Nijar sun yi wa littafi.

"Ka ga duk waɗannan, ɗana, matasan Turawa ne marasa kuɗi suka fara rubuta wa 'yan'uwansu matasan Turawa marasa kuɗi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa."

Na Maroko guda biyu ya samu. Ɗaya babba ne mai sheƙi, hotuna a kowane shafi, nauyinsa ya isa a danne tabarma da shi. Malam Sidi ya ture shi gefe, ya ce wannan na masu sauka a manyan otal ne, waɗanda mota ke jira a filin jirgi. Ɗayan kuwa mai kauri ne, rubutu ƙanana, taswira a kowane gari, gefensa ya sha hannu. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya buga shi ba, domin abin da ya biyo baya ba laifinsu ba ne.

Nasiru ya tambayi kuɗinsa, aka gaya masa, ya ji bai kai kuɗin gyaran bakin caji biyu ba. Nan take ya sa hannu a aljihu.

"Dakata. Juya bayan shafin farko, can ƙasa inda rubutun ya fi ƙanƙanta. Wace shekara ka gani?"

"2009."

"To abin da aka buga a 2009, ƙafar marubucin ta taka wurin a 2008, ko ma kafin nan. Sai ya dawo gida ya rubuta, a gyara, a buga, a yi jigila. Littafin tafiya rabinsa dutse ne, rabinsa tumatir. Masallaci da ganuwa da tarihi suna nan inda aka bar su. Farashi da masauki da lokacin tashin mota kuwa, kafin su iso hannunka sun fara ruɓewa."

Nasiru ya ce ai gari gari ne, ba tashi zai yi ya gudu ba.

Malam Sidi bai yi gardama ba. Sai ya sake lalube a kwali ya zaro wani littafin na Afirka ta Yamma, sa'an wancan a shekaru, ya buɗe fihirisa, ya nemo Kano, ya miƙa masa. "Ba ka san Fas ba, amma ka san garinku. Karanta min."

Nasiru ya fara karantawa yana fassarawa. An ambaci kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da dutsen Dala, duk daidai. Da ya zo kan yadda baƙo zai zaga gari sai ya fashe da dariya. Littafin ya ce a hau acaɓa, ita ce mafi sauri da araha.

"Baba, acaɓa fa! Ai tun Janairun 2013 aka hana ta, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Ko adaidaita-sahu bai ambata ba. Kuma wannan otal ɗin da ya yaba, ai shaguna aka mayar da shi. Dubi kuɗin ɗaki, yau ko shayi da burodi ba zai saya ba."

"Lokacin da aka buga shi dala tana wajen naira 150. Yau nawa take?"

"Ta haura 1,500."

"To yadda ka yi wa wannan dariya, haka ɗan Fas zai yi wa wancan."

Sannan ya komo kan maganar da ya ce a riƙe. Ya sa Nasiru ya buɗe shafin biza a littafin Maroko. An jero Birtaniya, da Amurka, da Kanada, da Ostireliya, da ƙasashen Tarayyar Turai, an ce kwana 90 za su yi ba sa bukatar biza. Nasiru ya bi layin da yatsa har ƙarshe bai ga Nijeriya ba, sai wani ɗan guntun zance da ke cewa sauran ƙasashe su tuntuɓi ofishin jakadanci.

"Kai ne sauran ƙasashe," in ji Malam Sidi. "Mai littafin nan da yake cewa 'kai', ba da mai koren fasfo yake magana ba. Ba ƙiyayya ba ce, bai dai san za ka zo ba. Akwai sabon bugu na bara, zan iya sa a kawo maka daga Legas cikin sati biyu. Shi ma ba don kai aka rubuta shi ba, amma aƙalla tumatirinsa da sauran ƙarfi."

Ya faɗi kuɗin sabon. Nasiru ya lissafa, ya ga ya kai kuɗin kwana biyu a masaukin da tsohon littafin ya ambata. Ya ce a'a, wannan ma ya isa, sauran kuma waya za ta cike. Malam Sidi ya karɓi kuɗinsa, ya sa masa littafin a leda, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Dattijon da ya yi shekaru a bayan sitiyari ya san cewa fasinja ba ya yarda da rami sai mota ta faɗa.

Maganar biza dai ta yi masa amfani. Ya je Abuja, aka nemi tikitin dawowa, da shaidar masauki, da takardar banki. Kuɗin mota da na kwana da na takardu suka ci wani yanki na guzurin da bai sa a lissafi ba. Sauran lissafin kuwa, na kwana da abinci da mota a cikin Maroko, daga littafin ya kwashe shi layi-layi, ya mayar naira, ya ga zai isa har da rara.

Ranar da jirginsu ya sauka a Kasabalanka littafin ya fara da gaskiya. Ya ce akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin sama, kuma ga shi nan. Ya ce a sauka a tashar Casa Voyageurs a canja zuwa na Fas, haka aka yi. Nasiru ya shafa bangon littafin, ya ce a ransa Baba Sidi dai tsoro ne irin na tsofaffi. Yana tsaye yana jira sai ga wani jirgi mai dogon hanci ya shigo. Ya tambayi wani ma'aikaci, aka ce masa Al Boraq ke nan, mai gudun kilomita 320 a awa, tun ƙarshen 2018 yake zirga-zirga tsakanin nan da Tanja cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ya duba babin jiragen ƙasa, babu ko alamarsa. Kuɗin tikitin Fas ma ya ɗara abin da aka rubuta. Ya ce ƙaramin abu ne.

Bayan isha'i ya isa Fas. Ya shiga 'yar jar tasi zuwa Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da ake shiga tsohon gari ta cikinta. Littafin ya yaba masaukai uku na masu ƙaramin ƙarfi a kusa da ƙofar. Na farko yana nan, sunan ma bai canja ba, sai dai an yi masa kwaskwarima, an sa fitilu da maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gida, kuɗin ɗaki ya ninka sau biyar. Nasiru ya nuna wa mai karɓar baƙi shafin. Mutumin ya duba, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi dariya iri ɗaya da wadda Nasiru ya yi wa acaɓa. Na biyu ƙofarsa da kwaɗo, maƙwabci ya ce tun korona ba a sake buɗewa ba. Na uku ya cika maƙil da Turawa, kusan kowa da sabon bugun wannan littafin a hannu. Wannan ma wata illa ce da ba a faɗa: duk masaukin da littafi ya yaba da araha, yabon ne ke jawo masa jama'a, jama'a kuma su kashe arahar.

Sai ya koma ga waya. Ba shi da layin ƙasar, taswirar da ya sauke tun a Kano kuwa, da ya shiga lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, ɗigon da ke nuna inda yake ya dinga tsalle daga unguwa zuwa unguwa. Caji ya yi ja, ya mutu. Mai gyaran waya na Farm Centre ya tsaya a lungu da matacciyar waya a hannu da jaka a baya. Wani saurayi ya matso da fara'a, ya ce ya san wuri mai kyau na ɗan'uwansa. Littafin ya yi gargaɗi a kan irin waɗannan 'yan rakiya, Nasiru ya karanta, amma dare ya yi kuma ƙafa ta gaji. Wurin da aka kai shi ba laifi, sai dai kuɗin kwana uku ya tafi a dare ɗaya, ga ladan ɗan rakiya.

Da gari ya waye ya buɗe taswirar takarda, a nan kuma littafin ya nuna ɗaya rabin nasa. Ya ce a bi Tala'a Kabira, babban lungun da ke gangarawa daga ƙofar har tsakiyar gari, in an ɓata a tuna cewa gangara cikin gari take kaiwa, hawa kuma waje. Nasiru ya bi. Ya wuce makarantar Bu Inaniya da Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350, tana nan daidai inda aka zana ta. Ya ji ana ihun "Balak! Balak!" ya manne da bango, alfadari ya wuce da lodin tukwanen gas, don mota ba ta shiga tsohon Fas. Ya isa majemar Shuwara, wani mai shago ya miƙa masa ganyen na'ana'a ya toshe hanci, ya ƙi karɓa, ya ce shi jikan baduku ne. Ya tsaya daga bene yana kallon mutane tsamo-tsamo cikin ramukan toka da kashin tattabara da rini, ya tuna yadda kakansa ke kwatanta jima da bagaruwa. Sai da ya kusa awa guda a wurin.

Da azahar ya isa masallacin Ƙairawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. Littafin ya ba da tarihin tsaf, sannan ya ce wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, amma ana iya leƙe daga bakin ƙofa. Daga nan ya wuce zuwa wani batu. Nasiru ya ga Turawa sun yi cincirindo a ƙofar suna miƙa wuya. Ya cire takalmi ya ratsa su ya shiga, ya yi alwala a tsakar masallacin, ya bi jam'i. Duk abin da ya gani a ciki babu shi a littafin, don mai littafin iyakarsa dokin ƙofa. Zawiyyar Shehu Tijjani kuwa, wadda saboda ita Umma ta yarda da tafiyar, layi biyu kacal aka ba ta.

Da tambaya ya kai kansa can, a unguwar Bilida. Ya yi ziyara a kabarin Shehun, wanda ya rasu a 1815, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a. Wurin cike yake da baƙaƙen fata, yana jin Wolof da Fulatanci da Bambara ta ko'ina. Yana ɗaura takalmi sai ya ji an ce daga bayansa, "Ɗan'uwa, ka taho lahiya? Wannan hula ta Kano ce."

Issufu ke nan, ɗan Damagaram, ɗalibi a jami'ar Fas. Da ya ji abin da Nasiru ya biya daren jiya sai ya riƙe baki. Ya ja shi wani gida bayan zawiyyar, inda masu gida suka saba ba maziyarta daga Senegal da Mali da Nijeriya hayar ɗaki, a kan kuɗin da bai kai na tsohon littafin ba ma. Ba allo a ƙofar, ba kuma sunan gidan a wani littafi. Da safe ya kai shi inda leburori ke shan bisara, wato faten wake da man zaitun da burodi, wanda ke riƙe ciki har la'asar. Ya saya masa layin waya. Ranar Juma'a suka ci kuskus a gidan, da yamma suka zauna zikiri. Da ɗan gari akan ci gari.

Issufu ma yana da nasa littafin, Guide du Routard na Faransanci, wanda aka fara bugawa tun 1973. Ya ce ya fi masa amfani don sunayen tasha da tituna a Maroko da Larabci da Faransanci ake rubuta su, yadda ya gani a shafi haka zai gani a allo. Ya ƙara da cewa shi da fasfon Nijar ba a nemi biza a wurinsa ba, haka 'yan Senegal. Nasiru ya yi shiru yana tunanin kuɗin Abuja. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar 'yan awoyi ce, harshe ɗaya, abinci ɗaya, amma a shafin biza mutum biyu ne daban.

Akwai abin da Issufu ya gaya masa wanda babu a littafin kowannensu. Ya ce in zai yi arewa, wajen Tanja, kada fasfo da tikitin dawowa su bar jikinsa, don baƙin mutum mai jakar goyo a wannan yanki ana fara ɗaukarsa mai neman tsallakawa Sifen ne. Babin tsaro na littafin Nasiru ya yi dogon bayani kan masu yankan aljihu, da masu tallar wiwi, da yadda mace za ta kare kanta, bai ce komai a kan wannan ba. A hanyar Shafshawan, garin nan mai shuɗin bango, aka tsayar da bas a wani shinge. Turawa huɗu ne a ciki, ba a ko dube su ba, Nasiru aka ce ya kawo takardu. Ya miƙa, aka duba, aka mayar masa da ladabi, bas ta ci gaba.

A Marakish ya sauka a masaukin matasa mai gadaje hawa biyu, mutum takwas a ɗaki. A can ya haɗu da wata dattijuwa Bajamushiya, tsohuwar malamar makaranta, da ta yi shekaru tana yawo ita kaɗai. Ya kira ta Mama, ta yi dariya ta ce ta karɓa. Nata littafin sabo ne, amma ta yayyaga shi, ta ɗauko babin garuruwan da za ta je kawai ta ɗaure da roba. Da ta ga nasa ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma ta sha tafiya da tsohon bugu, dabarar ita ce ranar farko mutum ya gwada farashin abu uku, gado da motar haya da kwanon abinci, da abin da aka rubuta. In ya ga sun ninka sau biyu, to ya ninka duk sauran lissafinsa sau biyu tun a ranar, ya rage garuruwa tun kuɗi na hannu. Ta nuna masa gefen shafukanta, duk inda ta gyara farashi ta sa wata da shekara.

"Farashin da ba kwanan wata a jikinsa jita-jita ne," in ji ta.

Nasiru ya zauna a daren ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun a Kasabalanka. Abin da ya fito bai yi masa daɗi ba. Amma akwai abu ɗaya da ya ƙudurta tun a Kano: hawan dutsen Tubkal, mai tsawon mita 4,167, wanda ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka. Littafin ya ce a lokacin zafi hanyar a fili take, mai ƙarfin ƙafa ba ya bukatar ɗan jagora. Ya ware kuɗin mota da na kwana ɗaya a bukkar masu hawa, ya ga zai yiwu da ƙyar.

Ya shiga tasi mai ɗaukar mutum shida zuwa Imlil, inda ake fara hawan dutsen. A hanya, wajen Asni, ya fara ganin gidaje a tsage, wasu a rushe, mutane na zaune a tantuna da ɗakunan kwantena. Direban ya ce girgizar ƙasar daren 8 ga Satumban 2023 ce, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a waɗannan duwatsu. Nasiru ya ji labarin a rediyo lokacin da abin ya faru, amma bai taɓa haɗa shi da shafin da yake karantawa ba, inda ƙauyukan ke zaune lafiya da gonakin gyaɗar Turawa da tuffa.

Daga Imlil ya kama hawa. Bai wuce ƙauyen Arumd da nisa ba aka tsayar da shi, aka nemi fasfo, aka tambaye shi ina ɗan jagoransa. Ya ce ba shi da shi, ya buɗe littafi. Jami'in bai ko kalli shafin ba. Ya ce tun bayan da aka kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Nowe, a kusa da nan cikin Disamban 2018, ba mai hawa sai da ɗan jagora mai lasisi. Nasiru ya koma Imlil ya tambayi kuɗin ɗan jagora. In ya biya, ba zai sami na komawa Kasabalanka ba.

Ya zauna a bakin rafi yana kallon ƙanƙarar da ke kan dutsen, ransa a ɓace, har ya ɗaga littafin zai wurga shi cikin ruwa. Sai ya tsaya ya yi wani lissafin. Ya haɗa daren farko na Fas, da ladan ɗan rakiya, da kuɗin motar zuwa Imlil da komawa a banza, ya ga abin da ya ƙi biya a Sabon Gari ya biya shi ninki huɗu, kuma da wannan kuɗin na hannunsa da yanzu yana kan hanyar ƙololuwa. Ya kuma tuna cewa wannan littafin ne dai ya fitar da shi daga lungunan Fas ranar da waya ta mutu. Ya mayar da shi jaka. A wani kanti ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta da biro.

Tun daga wannan yammacin ya fara rubutawa da Hausa. Takardun da ake nema a Abuja da tsawon jiran. Tashar da ake canja jirgi. Yadda za a tambayi hanyar Bilida, da cewa a nemi ɗaki a can kafin a nemi na bakin ƙofa. Ƙofar da ake shiga Ƙairawiyyin da inda ake alwala. Kuɗin bisara, kuɗin layin waya, kuɗin ɗan jagoran Tubkal. Maganar fasfo a hanyar arewa. A gaban kowane farashi ya sa wata da shekara, yadda Mama ta koya masa. Tarihin gine-gine da taswira bai ɓata tawada a kansu ba, ya rubuta cewa a nemi littafin Turawa don wannan, ko tsoho ne zai yi, amma kada a ɗora lissafin guzuri a kan bugun da ya wuce shekara biyu.

Ya dawo Kano bai hau Tubkal ba, da ragowar dirhami da ba su isa sayen tsaraba ba, sai carbi ɗaya da ya sayo wa Umma a bakin zawiyya. Wani ɗan unguwarsu da zai je Maulidi a Fas ya ari littafin rubutun ya yi hotonsa. Da ya dawo ya ce gidan Bilida ya ƙara kuɗi, an kuma buɗe wani a kusa da shi, sai Nasiru ya ce ya rubuta a ƙasa ya sa kwanan wata. Yanzu mutum na huɗu ke nan da ya tafi da kwafin, shafukan sun kai talatin da rubutun hannu iri-iri, kuma wata malama daga Zariya ta ƙara babi a kan abin da mace mai tafiya ita kaɗai za ta tarar.